Hamma da Ƙanƙarar Zoɓo

Duk wanda ya taɓa kallon ƙwallo a filin unguwarmu a Roni ya san Hamma. Da safe ɗan acaɓa ne, da yamma likitan ƙungiyarmu, kuma ba wanda ya naɗa shi. Wata rana ce ya ɗauko Sista Lydia, ma'aikaciyar jinya, daga asibiti, a hanya ya tambaye ta maganin targaɗe. Ta ce a hutar da ƙafar, a ɗora ƙanƙara, a naɗe da bandeji, a ɗaga ta sama, kuma kar a kuskura a ja. Kafin ya sauke ta Hamma ya kammala karatun likita. Washegari ya zo fili sanye da farar riga da ya aro a gidan burodi.

Ƙanƙarar da yake iya samu ita ce ta zoɓon da matarsa Sadiyya ke ƙullawa a leda tana sayarwa, don haka shi yake jerawa a kula, akwatin sanyin da yake zuwa da shi fili. In ɗan wasa ya bugu, Hamma ya sheƙo a guje ya manna masa leda, in ta fara narkewa ya ce, "Shanye, kar a yi asara."

Daga nan ciwo ya ɓarke a ƙungiyarmu. Sai ka ga ƙato ya zube yana birgima, ba ko kaza a kusa da shi. Wani ya riƙe ƙafar hagu, kafin Hamma ya iso ya manta ya koma ta dama. Mai tsaron gidanmu, Muhammadu Lawal, ya taɓa gocewa a kafaɗa alhali ƙwallo tana can gaban ragar abokan karawa. Ni abin haushi yake ba ni, amma Hamma sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Ba don ni ba, da yaran nan duk sun gurgunce."

Ranar da 'yan Kanya Babba suka zo, a tsakiyar zafin bazara, kafin a tafi hutun rabin lokaci kula ta ƙare tas, harshen kowa ja wur. Ana dawowa aka kwashe Musaddiƙ, ƙanin Sadiyya, mai ci mana ƙwallo, wanda shi kaɗai ne bai taɓa faɗuwar ƙarya ba. Idon sawunsa ya kumbura suntum. Hamma ya buɗe kula, ba komai sai murfi.

'Yan kallo suka yi caa. "A ja! A ja ta koma!" Wani dattijo har ya naɗe hannun riga. Hamma ya yi tsalle ya yi rumfa a kan ƙafar.

"Baba, ku yi haƙuri. In jan ya zama dole, ga tawa ku ja." Sannan ya ɗago ya daka tsawa: "Duk wanda ya san ya ɓoye zoɓo, don girman Allah ya fito da shi!"

Aka shiga kallon-kallo. Can sai Muhammadu Lawal ya sunkuya bayan turken raga ya zaro leda. Wani ɗan baya ya zaro tasa daga safa. Alƙalin wasa ma ya laluba aljihu yana kallon sama. Duk an tsotse rabi, amma da sauran sanyi. Hamma ya jera su, ya naɗe, ya ɗora ƙafar kan kula, daga baya aka tallafe Musaddiƙ a babur sai asibiti.

Ashe ƙashin ya tsage. Sista Lydia ta ce da an ja, da sai dai ya koma ɗan kallo. Hamma ya zauna a benci ya yi kuka. Rabi na murna ne, rabi na takaicin gano cewa duk majinyatansa na baya ƙishirwa ce ke damunsu.

Yanzu ruwan ganyen darbejiya yake daskarwa a leda. Muhammadu Lawal ne ya fara ɗanɗanawa, ya warke nan take har ya yi gudu. Tun daga ranar ba wanda ya sake faɗuwa a banza. Musaddiƙ ya dawo yana zura ƙwallo da ƙafar nan, Hamma kuwa yana zaune kan kula cikin farar rigarsa, ya yi tagumi, yana kewar marasa lafiya.