Igiyar Tayar da Jirgi

Me ya sa maigidana ya naɗa igiyar a hannunsa rannan, alhali shi ne yake hana kowa naɗawa? Na tambayi waɗanda suka tsaya a bayansa, na tambayi kaina har haƙorana suka zube, ban samu amsa ba. Sai dai kuka. Ki yi haƙuri da ni, ki rubuta a hankali.

Maigidana a ƙasa ya taho daga ƙasar Hausa. Ya daɗe a Sudan yana jan ruwa a rijiyoyin masu raƙuma kafin ya tsallako teku. Mai ja a rijiya mai zurfi naɗa igiya yake yi a wuyan hannu, don kada guga ya ƙwace masa. Wurin ya yi masa kanta kamar bayan kada. Ni a nan Jidda aka haife ni, ban taɓa ganin irin waɗannan rijiyoyi ba.

Bayan haihuwata ta biyu, kafilinsa, wato Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar nan, ya sa shi dako a wani ƙaramin kamfanin jiragen sama da yake da hannu a ciki. Iƙamar maigida, takardarsa ta izinin zama, tana wurin mutumin, don haka babu zancen musu. Jirage biyu gare su, amma ɗaya ya zauna a gefen fili ana cire masa kayan ciki ana rayar da ɗan'uwansa. Lokacin hajji suna samun fasinja. Sauran shekara kuwa buhunan wasiƙu ne suke riƙe da su, ana kaiwa garuruwan bakin teku ta kudu. Bisa nauyin buhu ake biyansu, in jirgi ya makara a zabtare kuɗin. Shi ya sa wakilin kamfani kullum idonsa na kan rana, da guntun tiyo a hannunsa.

Ni ina suyar ƙosai a bayan wayar da ta kewaye filin, ta ɓangaren unguwar Sharafiyya. Duk abin da zan faɗa miki da idona na gani.

Abin da ke tayar da injin dama ya mutu. Bakanike ya ce a aika ƙasar waje a sayo sabo, aka ce sai bayan hajji. Hajji ya zo ya wuce. Sai suka koma tayarwa da igiya. Ana sanya wata jakar fata a bakin farfela, a ɗaura mata doguwar igiya, 'yan dako su jeru su fizga da gudu. In an yi sa'a farfela ta juya, jakar ta zame, injin ya kama. Mutanenmu ne a layin, kusan dukansu tsofaffin masu jan ruwa.

Wanda abin ya fara ci wani dattijo ne, Bahaushen Sudan. Ya naɗa igiya yadda ya saba, injin ya yi tari ya juya baya. Igiyar ta saɓule masa fatar hannu kamar an feɗe akuya, ta tafi da babban yatsa. Yana birgima a ƙasa wakili ya sa aka kwara masa fetur a kan raunin, aka ja shi gefe. Sauran suka sake kama igiyar da jininsa a jikinta, domin rana ta ɗaga.

Tun daga ranar maigida ya karɓi gaban layi. Kafin a ja sai ya bi hannun kowa ya duba. Wanda ya naɗa, ya make masa hannu ya ce masa nan ba rijiya ba ce. Har amininsa ya taɓa mara a kan haka, leɓe ya fashe. Suka sa masa suna limamin igiya, suna cewa shi alwalar hannu kawai yake dubawa.

Wata safiya suka haɗa baki suka ƙi ja, suka ce sai an gyara injin. Wakili ya shiga cikinsu da tiyo, masu gadi suka taya shi da sanduna. Maigida suka fi duka, tunda shi ne a gaba. Suka kwantar da shi a kan tsakuwa mai zafi, ɗaya ya taka masa wuya. Da aka gama, 'yan dako suka tashi suka ja, jirgi ya tafi.

Da yamma ina gasa masa baya da ruwan zafi, na roƙe shi mu gudu Makka wurin kawuna. Ya ce in aka kama shi babu iƙama, jirgin ruwa za a jefa mu da yara, a mayar da mu ƙasar Hausa.

"Ke da ba ki taɓa riƙe taɓarya ba," in ji shi, "me za ki je ki yi a garinmu? Dariya za su yi wa Hausarki."

Na ce gara a yi mini dariya da mijina a raye. Ya ce in matsa tsumman ta hagu, can ne ya fi ciwo.

Ranar da abin ya faru, tun hantsi zafi ya sauko. An gama loda buhuna, matuƙi yana ciki, injin ya ƙi. Suka ja, suka sake ja, har na daina lura da ƙosai, ya ƙone. Igiyar ta jiƙe da gumi da baƙin mai, tana sulɓewa, tafukansu sun ɗaye. Wakili yana bin layin yana zuba musu tiyo a gadon baya, yana cewa yalla, yalla, wato maza-maza. Ya sami maigida a kan tsohon ciwonsa. Na ga ya durƙusa, ya miƙe, ya duba hannuwan na bayansa kamar kullum. Sannan na ga wuyan hannunsa ya juya sau biyu, igiyar ta naɗu a kai.



Suka fizga, injin ya kama da ƙara, jakar fatar ba ta zame ba. Igiyar ta fice daga hannun kowa, ban da nasa. Ta ɗauke shi daga ƙasa ta maka shi a jikin jirgin, ta sake ɗaga shi. Kafin matuƙi ya kashe injin, hannun ya rabu da shi daga gwiwa, jini ya fesa har kan fiffike.

Ban san na ture kasko ba, sai daga baya na ga mai ya toye mini ƙafa. Na kutsa ta cikin wayar tana yagar mini cinya. Mai gadi ya sheme ni da sanda a kafaɗa, na faɗi, na tashi. A gefe 'yan dako sun rufe wakili da katakan da ake tare ƙafar jirgi da su. Ina jin ƙarar katako a kan ƙashi, ban waiga ba. An ce ya rayu, da ido ɗaya. An kuma ce jirgin ya tashi kafin azahar da wata igiyar. Ni ban ji tashinsa ba.

Na same shi a ƙarƙashin fiffike, haƙarƙarinsa ya lotsa, numfashinsa yana kumfa. Na fizge mayafina da ɗankwalina na ɗaure dungun hannun, na ja da haƙori. Jinin ya ƙi tsayawa. Na ɗora kansa a cinyata ina cewa ya yi kalmar shahada, ya yi ta a hankali, ya kai ƙarshe. Mutane sun kewaye mu, Larabawa da namu. Ya buɗe ido ya dube su, ya dawo da idon kaina. Na sunkuya na kai kunnena bakinsa.

"Uwar yara," ya ce, "rufe kanki, maza na kallo."