Fitilar da Ke Jin Bugun Ƙofa

Mai Rediyo ake ce masa a layinsu, ko da yake rabonsa da gyaran rediyo har ya manta. Yanzu fanka ake kawo masa, da tocila, da dutsen guga. Shagonsa ɗan tsut ne a bakin titi, kullum cikin warin dalma, ga gawarwakin rediyoyi jibge har rufi don ya rantse ba zai zubar da ko ɗaya ba. Mutum ne mai taurin kai na bugawa a jarida, kuma ya tsufa da abinsa.

Matarsa, wadda yake tsokana da Tsohuwa ko da yake ya girme ta, kunnuwanta sun mutu a hankali bayan wani zazzaɓi. Bakinta dai lafiya lau, maganar mutane kuwa a leɓensu take karantawa. Haka suke zaune su biyu, har ranar da babbar 'yarsu, ma'aikaciyar jinya, ta zo da hantsi yana shago. Ta buga ƙofa har hannunta ya yi ja, shiru. Hankalinta ya tashi, ta kira maƙwabta aka ɓalle ƙofar, sai ga Tsohuwa a kicin tana wanke tukunya tana 'yar waƙarta. Da yamma 'yar ta zaunar da ubanta ta ce ita ba za ta iya wannan fargabar ba, ƙarshen wata za ta zo da akwati ta tafi da Mama gidanta. Mai Rediyo ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, amma a ransa ya san yarinyar tana da gaskiya. Tsoro ya kama shi sosai, don tunda aka kawo masa matar nan bai taɓa zama a gida babu ita ba.

Akwai wani ɗan allo kamar kwalin ashana da wani malamin makaranta ya ba shi tun bara, ya ce yana da ƙwaƙwalwa, duk abin da aka rubuta masa zai yi. A lokacin dariya ya yi ya jefa shi cikin gwangwanin kusoshi. Yanzu ya tono shi ya hure ƙura, ya aro tsohuwar kwamfutar surukinsa. Dabararsa ita ce idan an buga ƙofa, fitila ta yi ta ƙiftawa a duk inda Tsohuwa take.

Haɗa wayoyi ba komai ba ne a wurinsa. Rubutun ne ya so ya kashe shi. Mutumin da ya saba jin ciwon inji da hanci da yatsa, ga shi yau yana farautar haruffa da yatsa ɗaya, tabarau a ƙarshen hanci, yana maimaita bidiyon koyarwa a waya har masu shagunan kusa suka haddace. Tela maƙwabcinsa kullum sai ya leƙo ya tambaya ko farfesa ya kusa harba kumbon. Darasin farko da kowa ke farawa da shi shi ne a sa ƙaramar fitila ta kunnu, ta jira, ta mutu, ta jira. Ya rubuta, ya sa ɗaya a wurin jiran, wato sakan ɗaya a lissafinsa. Fitila ta kunnu ta tsaya ƙyam, ko alamar ƙiftawa babu.

To ka san mai gyara, in abu ya ƙi, waya yake zargi. Ya ɗauko ƙarfen dalma ya bi kowane maɗauri ya sake liƙewa. Ya canza fitila, ya canza waya, ya zagi malamin makaranta a ransa. Don haushi ya mayar da ɗayan ashirin, yana cewa in ita 'yar gata ce ta yi barcin sakan ashirin ɗin. Duk a banza, fitila ta zuba masa ido. Wata kuwa sai tafiya yake.

Wata rana da azahar Tsohuwa ta kawo masa abinci shago, ta same shi ya yi tagumi. Ta ajiye kwano ta tsura wa fitilar ido, ta karkata kai. Tunda kunne ya tafi, idonta ba abin da ke wuce shi.

"Maigida, ai fitilar nan taka ba a tsaye take ba," ta ce. "Karkarwa take kamar mai jin sanyi."

Ya ce mata ta bar wasa. Ta kama hannunsa ta kaɗa fitilar a iska, sai ga hasken ya tsinke ɗigo-ɗigo. Ashe tun farko allon yana bin umarninsa, ƙiftawa yake da saurin da ido ba ya kamawa. Da ya koma bidiyon ya saurara da kyau, sai ya ji abin da ya yi ta tsallakewa don gaggawa: allon ba da sakan yake ƙirga ba, sai an rubuta masa dubu kafin ya jira sakan guda. Ya gyara, ya sa dubu. Fitila ta kunnu, ta mutu, ta kunnu. Dattijon nan ya miƙe ya taka rawa a shago har ya ture gwangwanin kusoshi.

Daga nan hanya ta buɗe. Ya ciro ɗan faifan ƙarfe daga wani tsohon agogo mai ƙara ya manna a bayan ƙofa don ya riƙa jin bugu, ya koya wa allo bambanta bugun mutum da girgizar babbar mota. Fitilun matattun tociloli ya jera a kicin, da ɗaki, da wurin wanki.

Ƙarshen wata 'yar ta iso da akwatinta, fuska a ɗaure don kada a roƙe ta. Ta ɗaga hannu ta buga. Kafin ta sauke hannun, sai ƙofa ta buɗe.

"Ke, a hankali mana," in ji Tsohuwa. "Kin cika min gida da haske."

'Yar ta tsaya baki buɗe. Ta fita ta sake bugawa, ta aika uwar wurin wanki ta sake, ba ta samu abin kushewa ba. A ƙarshe ta zauna a kan akwatin ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce Baba ya gama da ita. Akwati ya koma yadda ya zo.

Har yau in Mai Rediyo ya taso daga shago, makullinsa na aljihu amma ba ya taɓa shi. Sai ya tsaya ya buga, ya jira, don ya daɗe yana kewar ta buɗe masa ƙofa ta ce sannu da zuwa.