Mai Gadin Kunkuru

Ko a ina na ji ƙamshin banda, sai na tuna ƙofar gidanmu a unguwar Bagadaza ta Gombe, da kakata zaune a tabarma tana jera kifi a faifai. Daga bakin tafkin Chadi rikici ya koro ta, ta bar jiragen mijinta da komarsa, ta zo hannun mahaifina. Kifi kaɗai ta sani, shi ta ci gaba da sayarwa.

Wata damina, ina 'yar firamare, dillalinta ya sauke mata kwandon kifi daga madatsar ruwan Dadin Kowa. Ta zura hannu ta ɗebo. Ƙanana ne, wasu ba su kai ɗan yatsana ba.

"Da gidan sauro aka kama wannan," in ji ta. "Ɗauke kayanka."

"Haba Iya, kowa saye yake yi."

"Ni ba kowa ba ce. In kun cinye 'ya'yan, baɗi me za ku kama?"

Ya tafi yana dariya, bai ƙara kawo mata ba. Makonni faifanta ba kifi, amma ba ta aika an ba shi haƙuri ba.

Da na gama sakandare na ce ilimin halittun ruwa zan karanta, kawuna ya tafa hannu. "'Yar Gombe, ina ke ina teku? Ki yi aikin jinya kamar kowa." Kakata ce ta ɗaga labule ta ce, "Ku ƙyale ta, ruwa ba baƙonmu ba ne."

Ba ta ga ranar da na fara aiki a gaɓar teku a kudu ba. Ina zagayawa da baƙi cikin kwalekwale, ina kuma tsaron ramukan da kunkurun teku ke binne ƙwai. Masunta sun zage ni saboda ina hana su kwashe ƙwan, sun taɓa yanke igiyar jirgina ya bi ruwa. Washegari na ari wani na koma. Bara, wanda ya fi kowa zagina shi ya kira ni da sassafe, wai kunkuru ya faɗa komarsa, in zo mu sake shi.

Yanzu 'yan matan unguwarmu kan tare ni in na zo gida, suna tambayar yadda ake shiga wannan karatu. Kawuna kuwa bai sauya ba. A gaban baƙi yakan ce, "Ga mai gadin kunkuru ta iso." Ni kuma sai in amsa da ƙarfi, "Na'am, Kawu."