Bishiyar da Ke Tsakanin Edmonton da Dagenham

Shekara goma sha ɗaya ke nan Uwaisu yana tsaron ɗaki guda a wata tsohuwar fada da ke bakin kogin Thames. Aikinsa hana 'yan yawon buɗe ido taɓa zanen da ke bango. Sai dai mutum ne mai shegen son bin diddigi, ko magani ya saya sai ya karance takardar cikin kwalin tas, don haka zanen ya hana shi sakat.

Ganawar sarkin Ingila da na Faransa ce aka zana, ta shekara ɗari biyar da suka wuce, lokacin da suka ce a yi sulhu. Daga bakin masu zagayawa da baƙi ya ji yadda aka shirya ta: aka zaɓi wani kwari a tsakani, aka daidaita ƙasar don kada wani ya fi wani tudu, aka buga igwa suka taso lokaci guda. Abin ya burge shi ƙwarai, ko da yake ya kasa gane dalilin da ya sa ba a yi shekara uku ba suka koma yaƙi.

Shi ma fa yana da nasa sarkin Faransan, wato Abdul-Razak, ɗan baffansa da ke unguwar Dagenham a nan Landan. Mako ɗaya aka haife su a Zariya, tsofaffin da suka san wanda ya riga kuwa duk sun rasu. A gida abin wasa ne. A Landan sai wata Sallah kowa ya zauna a falonsa, abinci na hucewa, yana jiran ƙanensa ya zo gaisuwa. Shekara shida ke nan ana wannan jira. Uwaisu na kewarsa sosai, amma ba zai faɗa ba.

Ran nan ya shimfiɗa taswira, ya auna da zare daga unguwarsa Edmonton zuwa Dagenham, tsakiya ta faɗa a wani fili a Wanstead. Ya naɗa matarsa Zinatu jakadiya zuwa ga Amamata, matar Abdul-Razak. Sharuɗɗa uku ya gindaya. Za a haɗu a gindin wata bishiya ran Lahadi bayan azahar. Ba mai zama, tunda mai zuwa ke yi wa na zaune sallama. Idan Zinatu ta tafa hannu, kowa ya taso daga nasa gefen, a yi sallama baki ɗaya.

"Malam, ni ce igwar ke nan?" in ji Zinatu. "To, Allah ya sa kada a yi cancel, don na riga na bar shift ɗina a wurin aiki."

Ran Lahadin Uwaisu ya tsaya a gefensa cikin babbar riga, yana ƙirga taku a zuci. Can wata mota ta tsaya. Amamata ta fito, ta zagaya, ta buɗe ɗaya ƙofar, ta daɗe a sunkuye. Mutumin da ta fito da shi yana dogara sanda, yana jan ƙafar hagu. Ashe bara ɓarin jikin Abdul-Razak ya shanye, ya hana a gaya wa kowa.

Uwaisu ya taso ba a tafa ba.

"Malam, ban ba da alama ba," in ji Zinatu.

Ya wuce bishiyar ko kallonta bai yi ba, ya isa bakin motar, ya tsuguna a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa.

"Salamu alaikum, Yaya."

Abdul-Razak ya daɗe yana kokawa da bakinsa kafin magana ta fito, a karkace.

"Wa alaikumus salam. Da ka jira kaɗan mana. Yayan nan ni zan ce maka, tun Dagenham nake koya wa bakina."