Gorar Kaka da Tafkin Kan Tsauni

Ko da zan manta ranar da na karɓi takardar ɗaukar aiki, ba na jin zan manta daminar da na goya jaka na tafi neman tafki a kan tsauni. Shekaru sun ja, amma har yau in na ga gorar roba mai shuɗin murfi sai na ji kunya ta kama ni.

Wani abokina mai shagon waya a Gumel ne ya jawo mana. Wata la'asar a majalisa ya nuna mana hotunan Turawa goye da jakunkuna, suna hawa duwatsu don kawai su zauna a bakin ruwa su dawo. Ya ce akwai irin tafkin nan a ƙolin wani tsauni a ƙasar Filato, har ya samo mana jagora. Mu huɗu muka ce da mu za a yi. Ku tuna fa, mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne, inda kake hango baƙonka tun yana garinsu. Abu mafi tsayi da na taɓa hawa a lokacin shi ne benen ofishinmu, shi ma sai na huta a tsakiya.

Muka fara atisaye a kan titin Maigatari bayan sallar asuba. Sati ɗaya muka yi muka haƙura, don duk mai adaidaita sahun da ya gan mu sai ya tsaya ya tambaye mu ko lafiya. Wani dattijo har cewa ya yi mu hau kyauta, tafiya takan yanke wa kowa.

Jagoran ya aiko da saƙo a fili: ruwa, rigar sanyi, abinci kaɗan, kada jaka ta yi nauyi. Bawan Allah bai san yadda ake sallama a wurinmu ba. Mutum ba ya barin gari sai ya zagaya dangi, kuma ba a fita gidan babba hannu rabbana. Innata ta yi min dakuwa cike da samira. Kawuna na kasuwar Maigatari ya haɗa min cuku da dabino da kilishi, ya ɗora da bargo mai kauri. Goggona ta Gagarawa ta ba ni kantun riɗi da kwalbar man shanu. Surukata ta Sule Tankarkar ta soya zabi uku. Kowa in ya miƙo sai ya ce, "Ai ba nauyi." Gaskiyarsu ne, ɗaya ɗaya babu nauyi.

A Ɗanzomo na ƙare zagayen, wurin kakata mahaifiyar babana. Ta saurari bayanina har ƙarshe tana taunar goro, sannan ta ce, "To kai maigida, ka bar tafki a bayan gari cike da ruwa, ka tafi neman wani a sama?"

Na ce, "Wannan daban ne, amarya. A kan dutse yake, kusa da gajimare."

Ta ce tun tana yarinya sunkuyawa take yi wa ruwa, a rijiya mai gaba talatin, har igiyar guga ta cinye mata tafin hannu, ba ta taɓa jin ruwan da ake hawa sama a same shi ba. Ta laluba ƙarƙashin gado ta ɗauko 'yar gora mai shuɗin murfi. "Ba na son tsarabar komai. Ciko min wannan in ɗanɗana, in ji yadda ruwan da bai wahalar da mace ba yake."

Na buga ƙirji na ce an gama, na cusa gorar a can ƙasan jaka.

A ƙauyen da ke gindin tsaunin muka haɗu da jagoran, wani siririn manomin dankali mai furfura, da silifas da sanda. Ya ɗaga jakata da hannu biyu, ya ajiye, ya dube ni. "Malam, ƙaura za ka yi?" Abokaina, waɗanda su ma danginsu sun yi musu lodi, suka sauke nasu suka ba iyalinsa, suka bar abin taɓawa kawai. Ni kuwa na ƙi. A baki na ce guzurin iyaye albarka ne, ba a rabuwa da shi. A zuci kuwa kilishin nake ji, da zabin nan uku. Yanzu da na girma zan iya faɗa: rowa ce ta sa rawani ta fito a matsayin biyayya.

Rabin sa'ar farko ni ne a gaba, ina ɗaukar bidiyo ina yi wa mutanen Gumel jawabi. Daga nan gwiwoyina suka fara magana. Igiyar jaka ta nutse a kafaɗata, numfashina ya koma kamar na tsohon injin markaɗe. Murfin kwalbar man shanu ya kwance, na ji abu yana bin gadon bayana har cikin wando. Wasu mata ɗauke da kwandunan dankali suka wuce ni suna hira, ɗaya ma da goyo. "Sannu, Alhaji," suka ce. Ban taɓa jin sannu mai ciwo irin wannan ba.

Nan dabara ta zo min, irin dabarar da ke zuwa wa mai digiri. Tunda kaya sun yi nauyi, bari in rage su. Na zauna a gindin wani dutse na kwance zabi. Na ce wa sauran, "Ku yi gaba, ina biye da ku." Jagoran ya tambaya ko akwai abin da zai riƙe min. Da na zaro gorar Kaka na miƙa masa a lokacin, da wannan labarin bai samu ba. Amma miƙa ta yana nufin na yarda ba zan kai ba, ni kuma na riga na sanar wa duniya a bidiyo. Na ce babu komai.

Na cinye zabo ɗaya da rabi, na bi da dakuwa, ƙishi ya taso na shanye ruwana. Da na yunƙura zan tashi sai na gane kayan suna nan, gurbi kawai suka canja, daga baya zuwa ciki. Na taka kamar taku hamsin na sake zama. Matan nan suka dawo da kwandunansu babu komai, suka same ni kusan inda suka bar ni, ƙudaje na bin man shanu. Wannan karon ba su ce sannu ba, kawar da kai suka yi don su rufa min asiri.

Bayan azahar abokaina suka sauko da sauri, hadari na bin su. Suka nuna min hoton tafkin, shuɗi, a kwance tsakanin duwatsu. Na tambaya ko akwai wanda ya ɗebo ruwan, suka ce sun shanye a hanya. Da muka kusa ƙauye na ga wani kududdufi a gefen turba, da sawun shanu kewaye da shi. Na ja baya kamar zan kama ruwa, na tace shi da hankici, na cika gorar. Na gaya wa kaina ai duk tsaunin ɗaya ne.

Kwana uku da dawowa na je Ɗanzomo. Ruwan ya kwanta ya yi garau. Kaka ta karɓa da hannu biyu, ta yi bisimilla, ta kurɓa kaɗan ta juya shi a baki. Ina ta zuba mata labarin gajimare. Ta bari na gama, ta mayar da murfin a hankali.

"Maigida, ruwan nan ya san kofato."

Na buɗe baki, ta ɗaga min hannu.

"Shekara nawa ina ba iyalin gidan nan ruwa? Wannan sunkuyawa aka yi aka ɗebo shi, kamar kowane." Ta yi 'yar dariya, amma ba ta kai zuci ba. "Da ka ce min ba ka kai ba, da yau mun wuni muna yi maka dariya ni da kai. Ka hana ni ruwan, ka kuma hana ni dariyar."

Na yi mata alkawarin komawa damina mai zuwa da jaka marar nauyi. Ba ta ga damina mai zuwa ba. Da ake kwashe kayan ɗakinta aka sami gorar a ƙarƙashin gado, cike, ba ta zubar ba.

Abin da tafiyar nan ta koya min bai shafi tsauni ba sosai. Kilishin da na kasa bayarwa da girman kan da na kasa saukewa su suka zaunar da ni a rabin hanya. Tun daga ranar, in na ga ba zan kai ba, nakan miƙa gorar ga wanda zai kai, in kuma na dawo hannu wofi in faɗa tun daga bakin ƙofa.