Baƙin Man Lofe

An yanke mini leɓen ƙasa da rabin haɓa. Haƙoran gefen hagu sun tafi tare da su. Lofe ne ya jawo, wanda Larabawa ke kira kadus. Ban taɓa shan sigarin kwali ba, ban taɓa cusa tumbak a bayan leɓe ba, kuma na daɗe ina taƙama da haka.

A wani ƙauye kusa da Hawata aka haife ni, a bakin kogin Rahad. An ce kakanninmu da shanu suka zo daga yamma. Ni ban tarar da ko saniya ɗaya ba, lauje na tarar. Tun gemu bai fito mini ba nake hawa lori zuwa manyan gonakin Simsim, waɗanda ake kira mashru. Tarakta ke yin huɗa da shuka, amma cire ciyawa da yankan riɗi sai hannu. A kambo muke zama, wato bukkokin ciyawa a tsakiyar gona, ba gari kusa, ba rijiya. Idan damina ta kankama, baƙar laka ta rufe hanya, kana nan sai ranar da ƙasa ta bushe.

Ƙanin babana ne ya fara sa mini lofe a baki, shekarar da kalazar ta kashe yayana. Na ga yadda ta yi masa. Zazzaɓi ya ƙi sauka, ciki ya kumbura, sauran jiki ya bushe. Wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, bai kai sauro ba, yana fitowa daga tsagar ƙasa da gindin aduwa idan rana ta yi sanyi. Bayan mun dawo daga binne yayana, Baffa ya cika lofensa, ya ɗora garwashi, ya miƙo mini.

"Ja ka busa a jikinka. Ƙwaron ba ya son hayaƙin."

Na ja, na tofar. "Baffa, da ɗaci."

"Je ka tambayi yayanka wanne ya fi ɗaci. Ja."

Na sake ja. Ya ce kada in haɗiye. Ya ce masu sigari su ke haɗiyar hayaƙi, shi ya sa tari ke kashe su, amma na lofe a baki yake tsayawa. Bai yi ƙarya ba. A baki ya tsaya.

Da Baffa ya rasu na gaji lofen. Kansa na yumɓu ne, sandarsa ta gora, bakinsa kuma wani guntun bututun ƙarfe ne da aka ciro daga tsohuwar tarakta. Ƙarfen yana ɗaukar zafi. Mai yankan riɗi hannunsa biyu duk a aiki suke, ɗaya ya kama kara, ɗaya ya ja lauje, don haka a gefen hagu na bakina nake maƙale shi tun safe. Har haƙorana suka yi masa gurbi. Ko babu wuta yana nan a wurinsa.

Yana kashe yunwa, wannan ba zan ɓoye ba. A kambo mai yakan ƙare, busasshiyar kuɓewa ta ƙare, a ci asida, tuwon dawa, da ruwan gishiri. Ganyen taba bai taɓa ƙarewa a rumbun wakil ba. Wakil shi ne idon mai gona a kanmu, kuma ya san mutumin da ke hayaƙi ba ya yawan tambayar yaushe za a sauke tukunya.

Akwai wani baƙin mai da ke taruwa a cikin sandar lofe, mai kauri, mai wari. Da tsinke ake lakato shi. A kambo shi ne maganinmu. Kunama ta harbe ka, a shafa. Haƙori ya hana ka barci, a cusa a kogon. Lauje ya yanke ka, a shafa a ɗaure da tsumma. Lofena ya fi na kowa tsufa, mansa ya fi na kowa baƙi, sai mutane suka riƙa zuwa wurina har daga kambon maƙwabta. Suka laƙaba mini Hakim, wai likita. Ni da ban san alif ba. Na ji daɗin sunan.

Idan rana ta take muka koma ƙarƙashin rumfa, lofen yana zagayawa ta hannun dama. Mu Hausawa, da mutanen Darfur, da Habashawa masu tsallako iyaka lokacin girbi, duk baki ɗaya. Ba a goge bakin lofe kafin a ja. Wanda ya goge ya zagi wanda ya miƙo masa. Na taɓa ganin an zare wuƙa a kan haka.

Mai gonar yakan zo sau biyu a shekara, ranar shuka da ranar awo. Shi ba ya shan lofe. Wata taba yake sha mai kauri kamar babban yatsa, naɗin ganye ruwan ƙasa, daga waje ake kawo masa. Wata rana ya gan ni da nawa a baki, ya yi dariya.

"Ya zol, mutumina, ni da kai mun fi waɗannan wayo. Namu ba ya shiga ƙirji."

Ya jefo mini guntun da ya rage a hannunsa. Na marmasa shi a lofe, muka zagaya da shi. Mutanena suka ce ashe haka hayaƙin masu kuɗi yake, ƙamshi ba ƙarfi.

Gyambon ya fito ne gab da damina, daidai inda ƙarfen ke zama. Ɗan fari-fari, kamar tsagewar leɓe. Ba ya ciwo. Matata ce ta fara kula da shi ranar da nake ɗaure kaya zan tafi kambo.

"Maigida, wannan abin na bakinka ya kwana biyu."

"Zafi ne."

"Zafi ya wuce, shi bai wuce ba. Ka biya asibiti kafin ka hau lori."

"Ni ake kira Hakim, ke kuma ki tura ni asibiti?"

"Hakim na kunama," in ji ta. Ta ci gaba da ɗaure mini garin dawa.

A kambo na yi masa abin da nake yi wa kowa. Na lakato baƙin man na shafa, safe da yamma. Yana yin ɓawo, ɓawon ya faɗi, abin ya dawo ya fi da faɗi. Sai in ƙara man. Ban daina maƙale lofen a wurin ba, don babu wani wurin da yake zama a bakina.

Gab da ƙarshen damina tarakta za ta shiga kasuwar Simsim ɗauko man inji, na hau bayanta. A kasuwa akwai wani ma'aikacin lafiya mai ɗan ɗakin magani. Na shiga ne in sayi maganin zazzaɓi na wani cikin mutanena. Ya miƙo mini maganin, amma idonsa na kan bakina. Ya ce in zauna. Ya sa safar hannu, ya danna gefen gyambon, ya lalubi ƙarƙashin haɓata.

"Baba, me kake shafawa?"

Na faɗa masa. Ya cire safar hannun.

"Abin da ya haƙa ramin shi kake zubawa a ciki. Ka tafi Gadarif su duba, daga nan za su tura ka Madani, can ake da na'urar ƙona irin wannan. Makon nan, Baba. Ba bayan girbi ba."

Na koma kambo na sami wakil a kan angarib, gadon igiya, yana shan shayi. A lokacin ni ne shugaban masu yanka, mutanen da ke ƙarƙashina ni na tattaro su daga ƙauyukanmu, saboda ni suka zo. Na ce zan tafi asibiti.

"Yanzu? Ka leƙa gona kuwa? Ganye ya fara rawaya."

Na leƙa, na sani. Riɗi ba ya jira. Idan ya nuna ba a yanke ba, kwanson ya tsage, ƙwaya ta zube cikin tsagar ƙasa, ko tsuntsu ba ya samu. Kwanaki kaɗan ne tsakanin girbi da asara.

"An ce makon nan," na ce.

"Wa ya ce? Mai sayar da ƙwayoyin nan? Kai da ka warkar da rabin Simsim, ƙurji zai kore ka daga gona? Ka tafi mana. Mutanenka su watse, in kawo Habashawa, baɗi kuma kada in ga ƙafarka a nan." Ya kurɓi shayi. "Ko amarya za ka yi ne kake gyaran leɓe?"

Waɗanda ke kusa suka yi dariya. Ni ma na yi. Na ɗauki lauje.

Muka yanke riɗi, muka jingina dammuna suka bushe, muka kakkaɓe. Bai zube ba. Mai gona ya zo awo, ya dafa kafaɗata. Na ce zan tafi. Wakil ya ce dawa ta kusa, in ƙarasa gaba ɗaya, lorin da zai kwashe buhuna ya sauke ni har ƙofar asibiti. A lokacin gyambon ya kai faɗin dabino, yana ruwa, yana ciwo idan barkono ya taɓa shi. Ƙarƙashin haɓata wani ƙulli ya fito, mai tauri kamar ƙwallon aduwa. Na tsaya yankan dawa.

Abin da ya tashe ni ba ciwon ba ne. Wata rana a rumfa na ja lofe na miƙa wa na damana, mutumin ƙauyenmu, wanda na taɓa goyo a bayana ranar da maciji ya sare shi. Ya karɓa. Ya dubi bakin ƙarfen. Bai goge ba, bai kuma ja ba. Ya miƙa wa na gaba. Shi ma ya miƙa. Lofen ya zagaya rumfar duka ya dawo hannuna, wutarsa ta mutu. Babu wanda ya ɗaga kai. Ana ta maganar farashin dawa.

Washegari na hau lori.

Kafin mu isa Gadarif muka fara haɗuwa da motoci a maƙare, katifu a sama, tsofaffi da tukwane da akwatuna. Direba ya tsayar da wani ya tambaya. Ya ce daga Madani suke. Yaƙin da muke ji a rediyo ya iso can, kowa ya fito da abin da hannunsa ya iya ɗauka.

Asibitin Gadarif ya cika har tsakar gida. Na yi kwanaki a gindin bishiya kafin layi ya zo kaina. Matata ta iso daga Hawata, ba ta ce mini ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Likitan da ya duba ni shi ma gudowa ya yi, da takalmin wanka yake aiki. Ya tambayi yaushe abin ya fara. Na faɗa.

"Da a damina ka zo, ɗan yanki kamar farce zan cire, in ɗinke, ka koma gonarka. Na'urar tana can inda muka baro ta. Abin da ya rage a hannuna wuƙa ce, kuma sai na yanka da faɗi."

Na ce ya yanka.

Mutum bai san aikin leɓe ba sai ya rasa shi. Ruwa ba ya tsayawa a bakina, kurkurar alwala sai in tare da tafin hannu. Shayi sai na ɗaga kai sama kamar kaza. Yawu yana zuba, kullum akwai tsumma a ƙarƙashin rawanin da nake rufe fuska da shi. Bisimilla ba ta fita daidai. Na fara ta, sai iska. Liman ya ce Allah yana ji. Na san yana ji. Ni ne ba na so in ji.

Mai gona ma abin ya taɓa shi, a maƙogwaro. Na ji an fita da shi Masar tun yana jin ƙaiƙayi. Ya dawo da muryarsa, har ya yi ƙiba. Ya aiko wakil ya gaishe ni da buhun dawa ɗaya. Wakil ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ce ƙaddara ce, ya ce kambo ba daɗi babu ni. Bai zauna ba.

Cikin mutanena mutum ɗaya ne ya zo, wanda ya fara miƙa lofen gaba bai ja ba. Ya yi gaisuwa, ya sha ruwa, ya yi ta juya hula a hannu.

"Hakim, kunamu sun yi yawa bana. Na ce tunda lofen yana ajiye, ko za ka ba mu. Man sababbin lofen nan ba ya ci."

Na kwance rawanin. Na bar shi ya duba da kyau. Ya duba, ya kau da kai.

"Allah ya sawwaƙe. Amma ai wannan hannu aka sa maka, kowa a kambo ya sani. Baffanka ya sha har ya tsufa."

Matata ce ta amsa daga bayan zana. "Na daka shi a turmi. Garin yana masai, in kana so ka je ka ɗiba."

Ya tashi ransa a ɓace. Na ji da shekara ta zagayo ya sayi nasa lofen a kasuwar Ƙala'at an-Nahal, kuma shi ake kira Hakim yanzu.

Har yau idan wani ya wuce da hayaƙin lofe, haƙoran da babu su suna neman ƙarfen. Wani ƙullin ya sake fitowa a wuyana. Likita ya ce wannan ba na wuƙa ba ne, na na'ura ne, kuma tafiyar da nisa.

Ban koma Hawata ba. Ina Gadarif, a ɗaki ɗaya bayan kasuwar amfanin gona, ni da matata. Da safe ina zama a bakin sito ina ɗinke bakin buhunan riɗi. Sauran masu ɗinkin da baki suke riƙe zare. Ni da yatsan ƙafa nake riƙewa.