Inna Ba Ta Kira Sunansa Ba

Ranar Laraba ce, lokacin girbin masara. Da safe Yaya Auwalu ya shanye kokona, ya ce wai ɗanɗana mini ya yi. Mu goma sha ɗaya Inna ta haifa, shi ne babba, kuma babu wanda bai goya ba a cikinmu. Ni ce 'yar gaban goshinsa, duk da ba ma rabuwa da faɗa.

Hantsi ya yi, masu tallan nono ba su shigo ba. Hanyar Kusasu ba ko mai keke. Karnuka suka yi ta haushi suna fuskantar daji. Yaya ya ajiye buhun da yake ɗinkewa, ya tsaya yana saurare.

Kafin azahar muka ji babura, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sai harbi daga wajen masallaci.

"Ku bi rafi!" in ji Yaya.

Ya riƙa ɗaga ƙannenmu yana tsallakar da su danga. Ya miƙo mini autarmu, ya tura Inna. Muna cikin dawa na waiwaya, na gan shi ya koma turke. Bukkar kusa ta kama wuta, shanun huɗarmu na ɗaure, yana kiciniyar kwance su.

Inna ce ta fara hango mutum uku da bindigogi sun ɓullo ta bayan rumbuna. Yaya kuwa ya ba su baya.

"Kai! Kai!" ta yi ihu.

Gari duka kowa "kai" yake cewa. Bai juyo ba. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, saboda kunya. Ta damƙi hannuna har farcenta ya shige ni, ta ce in kira shi. Na buɗe baki ke nan harbi ya rufe muryata. Hayaƙi ya tare tsakaninmu.

Muka bi rafi a sunkuye, ƙaya na yagar ƙafafunmu. Da la'asar muka ji baburan sun nufi daji. Gab da magariba muka shiga Birnin Gwari, aka sauke mu a wata makaranta.

Na daɗe ina jin haushin Inna, ba zan ɓoye ba. Har yau kuma ban san ko da ta kira shi zai tsira ba. Ba a ga gawarsa ba, ba a kuma bugo waya neman fansa ba.

Duk wanda ya iso daga ƙauyenmu, Inna kan tare shi a bakin ƙofa.

"Kun ga yaron nan?"

Sai su tambaye ta wanne, don kusan kowane gida akwai yaron da ake nema. Ita kuwa sai ta juyo ta dube ni.